Gidan 'yan Mason na Detroit: ɗaki 1,037, kuma har yau ba a gama shi ba

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar ɗin nan Allah ya nufa na cika alkawarin da na yi wa Injiniya tun bara. Na shiga ginin nan na 'yan Freemason, wato tsohuwar ƙungiyar asirin nan da ake kuma kira Mason, da ke birnin Detroit a Amurka, wanda na taɓa turo hotonsa wasunku suka rantse coci ne. Shekara tara ina wuce shi a mota ban taɓa tsayawa ba. Ashe tikiti ake saya kamar gidan tarihi, a haɗa ku da mai rakiya ya zaga da ku.

Yana kan titin Temple, ya fuskanci filin shaƙatawa na Cass Park. Daga waje za ka ga kamar gini uku ne aka ɗinke. A gefe ɗaya akwai doguwar hasumiya mai hawa 14, tsayinta ƙafa 210, wajen mita 64 ke nan, nan ne ɗakunan taronsu suke. A tsakiya akwai gidan kallo mai cin mutum fiye da 4,400. A ɗaya gefen kuma wata hasumiyar ce mai hawa 10. Duka an lulluɓe su da farin dutsen jihar Indiana. Ɗakunan da ke ciki, manya da ƙanana, 1,037 ne, kuma duk duniya babu gidan 'yan Mason da ya kai shi girma.

An sari ƙasa a watan Nuwamban 1920, aka aza dutsen harsashi a Satumban 1922, aka buɗe shi a Nuwamban 1926. Kuɗin da ya ci wajen dala miliyan shida da rabi ne, na wancan zamanin. Wanda ya zana shi sunansa George D. Mason. Kafin wani ya tambaya, sunan gidansu ne haka, dacewa kawai aka yi.

Na shiga ina tsammanin abin da zai tsaya mini a rai shi ne ɗakunan asirin. Sai ga shi abin da na kwana ina tunani daban ne. Can a benaye na sama akwai wani gidan kallo na uku, ban da babba da ƙarami da ake amfani da su, wanda aka yi wa matakalan zama da kankare, aka bar shi haka, ba kujera ba fenti. Akwai kuma ramin wurin ninƙaya da ba a taɓa gamawa ba. Wajen shekara ɗari ke nan. Ƙasa zinariya da marmara, sama kango irin wanda muke gani a bayan gari idan mai gida ya karye.

Sadiku Autan Zaure:
Wa alaikumus salam. Yaya, tsakaninka da Allah ka shiga? Kuma ka fito lafiya? Ni dai ko kyauta aka ba ni tikitin nan na yafe. Ka duba jikinka da kyau ko sun yi maka tambari 😂

Baban Hanif:
Auta, ranar da na je ana ta shirya teburan biki a zauren ƙasa. Suna da manyan zauruka biyu da suke bayarwa haya, makarantu ma kan yi bikin yaye ɗalibai a wurin. Tambarin da na samo shi ne ciwon ƙafa.

Malam Nuhu:
Assalamu alaikum. Baban Hanif, Allah ya yi maka albarka, amma ina da gyara. Wannan ba gidan da za a riƙa yi wa kirari ba ne a zauren Musulmi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan ƙungiyar nan tun 1978, ta kuma yi magana da kakkausar murya cewa Musulmi ba ya shiga cikinta. Su kansu Katolika Fafaroma ya hana su shiga tun 1738. Ko a nan gida, tsarin mulkin Najeriya na 1999 da ya ba kowa 'yancin addini ya faɗa a fili cewa 'yancin bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba. Yara na karanta abin da muke rubutawa a nan. Yau a yaba gini, gobe a yaba masu ginin.

Injiniya Bala:
Allah ya gafarta Malam, ni na aike shi, don haka laifin nawa ne. Amma ai bai cika fom ba, kallo ya je. Mu da muke cin abinci da siminti da rodi, idan aka ce ga gini mai ɗaki dubu da ya tsaya shekara ɗari a garin da ƙanƙara ke zuba duk shekara, dole mu so sanin yadda aka yi. Dalar Fir'auna ma mutane na zuwa gani, ba wanda ya ce sun bi Fir'auna.

Malam Nuhu:
Injiniya, Fir'auna ya mutu, mutanensa sun ƙare. Waɗannan suna nan suna ɗaukar sababbi. Da bambanci.

Anti Rabi:
Malam yana da gaskiya a kan hukunci, ba mai ja da shi. Amma ni shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, kuma abin da na lura shi ne, duk abin da aka hana yaro sani, shi yake zuwa ya nemo a bakin maƙaryata. Gara Sadiku ya ji labarin a nan da ya ji shi a bidiyon da ake cewa har ruwan sama su ke juyawa.

Asalin abin daga magina ne. A Turai ta da, masu sassaƙa dutse da ke gina manyan coci-coci suna da ƙungiyar sana'a, da matakai uku kamar yadda kowace sana'a take: yaron shago, wanda ya iya aiki, sai gwani. Magini kan tashi daga wannan gari zuwa wancan neman aiki, babu takardar shaida, sai aka yi kalmomi da irin gaisuwar da za a gane matsayinsa. Daga baya sai masu kuɗi da masu ilimi waɗanda ba su taɓa ɗaga dutse ba suka riƙa shiga, har suka rinjayi maginan. A 1717 rassa huɗu suka haɗu a Landan suka kafa uwar ƙungiya. Shi ya sa har yau alamominsu kayan aikin magini ne, kamfas da ma'aunin kusurwa da filam da cokali, da ɗan warkin nan da suke ɗaurawa a gaba. Suna kuma danganta kansu da ginin da Annabi Sulaiman ya yi a Ƙudus, amma wannan tatsuniyarsu ce, ba tarihi ba.

Zarginsu kuma ba mu muka fara ba. A 1826 wani mutum mai suna William Morgan ya ce zai buga asirinsu a jihar New York, sai ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. Hankalin Amurkawa ya tashi har aka kafa jam'iyyar siyasa sukutum don yaƙarsu.

Sadiku Autan Zaure:
Kin ji ko Anti! Ni da na ce suna ɓatar da mutane aka ce ina da yawan kallon bidiyo.

Anti Rabi:
Mutum ɗaya, shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma abin ya kusa kashe ƙungiyar a Amurka a lokacin. Zauna ka ji sauran, ɗana.

Zainabu Mai Zane:
Ina wuninku iyayena da yayyena. Ni abin da ya ja hankalina a hotunan shi ne salon. Mun yi wannan a aji. Yawancin gidajen 'yan Mason a Amurka salon Girka ko na Masar ake yi musu, manyan ginshiƙai a gaba kamar kotu. Shi George Mason sai ya kauce, ya ɗauko salon Gotik, irin na coci-cocin Ingila da Faransa masu tsinin baka da dogayen tagogi. Shi ya sa kowa a nan ya ce coci ne. Kuma da gangan ya yi. Tunda sun ce su jikokin maginan coci ne, sai ya sa musu rigar kakanninsu.

Injiniya Bala:
Yauwa 'yata, kin faɗi kalmar da nake nema: riga. Riga ce kawai. Bari in yi bayani, don nan ne ni nake da ƙorafi da ginin.

A Gotik na gaskiya, dutse ne ke ɗauke da dutse. Nauyin rufi yana bin haƙarƙarin baka ya sauko kan ginshiƙi, kuma da yake baka yana tura bango waje, sai a kafa masa madogara daga waje ta tokare shi. Tsinin bakan nan da kuke gani ba ado ba ne, lissafi ne, yana sa nauyi ya fi saukowa ƙasa maimakon ya buɗe gefe. Ka zare dutse ɗaya a inda bai kamata ba, rufin ya biyo ka. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya san abin da nake nufi. Azara da ƙasa ne, amma kowane baka aiki yake yi, babu na banza.

To shi na Detroit ƙashinsa ƙarfe ne, irin na kowane dogon bene na Amurka a shekarun 1920. An kafa ƙarfe, an zuba kankare, sannan aka manna dutse a jiki. Da za ka kware dutsen duka, ginin ba zai faɗi ba, sanyi kawai zai ji. Kun ga abin dariyar? Ƙungiyar da ta daina gini ta riƙe cokali da warki don ado, ta gina gidan da dutsensa ya daina ɗaukar kaya ya zama ado. Gidan ya yi kama da masu shi.

Zainabu Mai Zane:
Baba Injiniya, a yi mini afuwa, amma ban yarda duka ba. Idan da dutse zalla ya yi, ba zai taɓa samun abin da aka nema ba. An ce masa ya ɗora zauren taro a kan zauren taro har hawa 14, ya kuma yi gidan kallon mutum dubu huɗu wanda dandalinsa kaɗai faɗinsa ƙafa 100 ne, zurfinsa 55. Wane bakan dutse ne zai yi wannan? Ƙarfe ya ba shi faɗi, dutse ya ba shi fuska. Mu ma yanzu muna zuba dekin, sannan mu ɗora zankwaye a kan rufi, mu yi zanen dagi a bango da siminti. Zankon nan ba ya riƙe komai, amma shi ke gaya maka gidan waye. Ba za ka ce ƙarya ba ne.

Injiniya Bala:
Ai ni har zankon simintin ina da magana a kansa, amma ba yau ba 😄 Na karɓi rabin maganarki. Faɗin dandalin kam sai ƙarfe.

Baban Hanif:
Injiniya, akwai abu ɗaya da zai burge ka, kuma ba ado ba ne. Suna da wani katafaren zaure na fareti, ƙafa murabba'i 17,500, inda wani reshensu mai sa kayan sarki da takobi yake koyon maci. Daɓen katako ne, amma ba a kan kankare ya zauna kai tsaye ba, an shimfiɗa shi a kan wani abu mai taushi kamar ƙullun ulu. Idan ka taka sai ka ji yana ɗan bayarwa. An yi haka ne don ƙafafun masu macin.

Ɗakunan taron kuwa kowanne da kalarsa. Wannan Masar, da zanen furanni da launuka irin na kabarin Fir'auna. Na gaba Girka, har kashi uku bisa irin kan ginshiƙin. Wani Rum, wani Italiya, wani tsohuwar Ingila. Amma tsarin zama ɗaya ne duka: doguwar kujerar shugaba a gabas, kujeru a jere jikin bango, wani tebur a tsakiya inda suke ɗora littafi. Yawancin adon cikin aikin wani Ba'italiye ne mai suna Corrado Parducci, wanda hannunsa ke jikin manyan gine-ginen Detroit da yawa. Zauren shiga ma daga wata fada da ya gani a tsibirin Sisili ya kwaikwayo shi. Har ƙofofin lif an yi musu sassaƙa.

Injiniya Bala:
Wannan daɓen shi ne aikin injiniya. Ba gwiwa kaɗai yake ceto ba. Mutum ɗari su buga ƙafa lokaci ɗaya a bene, girgizar tana bin ƙarfe ta zaga gini. Abin da aka shimfiɗa a ƙasan yana shanye ta. Wannan na cire wa hula.

Alhaji Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Ni tambayata ta ɗan kasuwa ce. Su wane ne suka biya? Miliyan shida da rabi a 1926 ba kuɗin adashe ba ne.

Anti Rabi:
Alhaji, kusan adashen ne, sai dai na masu hali. 'Yan ƙungiyar ne suka tara. Amma sai ka san wace Detroit ake magana. A 1900 mutanen garin ba su kai dubu ɗari uku ba. Zuwa 1920 sun kusa miliyan ɗaya, 1930 sun wuce miliyan ɗaya da rabi. Mota ce ta yi wannan. A 1914 Henry Ford ya mayar da ladan leburansa dala 5 a yini, duniya ta ɗauka, mutane suka yi ta kwarara. Shi kansa Ford ɗan ƙungiyar ne a wani reshe na Detroit. Ka auna kuɗin ginin da waccan dala biyar, ladan yini miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ke nan.

A wancan zamanin duk ɗan kasuwa ko lauya ko manajan da ke son a san da shi, sai ya shiga irin waɗannan ƙungiyoyi. Nan ake sanin juna, nan ake samun ciniki, idan mutum ya mutu su yi masa jana'iza su duba iyalinsa. Suna da wani gidan a titin Lafayette tun shekarun 1890, amma a kwana a tashi ya yi musu kaɗan. To wanda ya ga haka, me zai hana shi zaton gobe ma haka za ta kasance? Sai suka yi gini ba don yawansu na ranar ba, don yawan da suke hange. Har cokalin da George Washington ya aza harsashin majalisar dokokin Amurka da shi a 1793 aka ɗauko daga Virginia aka aza nasu da shi. Ka ga inda suka ajiye kansu.

Shekara uku da buɗewa, 1929, kasuwar hannun jari ta rushe, masana'antun mota suka sallami mutane. Abin da aka ce za a ƙarasa daga baya, bayan ba ta zo ba.

Baban Hanif:
Abin da na so faɗa ke nan tun farko, Anti ta fi ni iya tsara shi. Da na tsaya a kangon nan na sama, sai na ga duk labarin garin a wuri ɗaya. 1950 Detroit tana da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da wani abu. Ƙidayar 2020 ba ta kai dubu ɗari shida da hamsin ba. Su ma 'yan Mason a Amurka sun haura miliyan huɗu a 1959, yanzu ba su kai miliyan ɗaya ba. An ɗinka riga don ƙato, mai rigar ya rame.

Malam Nuhu:
Baban Hanif, a hoto na huɗu na ga jinjirin wata da takobi a jikin wani abu. Me ya kawo su nan?

Baban Hanif:
Allah ya gafarta Malam, na san za ka gani, na ma yi shakkar turo shi. Ƙaramar hasumiyar mai hawa 10 an gina ta ne don wani reshe da ake kira Shriners. An kafa shi a New York a 1872, don nishaɗi da walima, kuma sai wanda ya riga ya zama cikakken ɗan Mason yake shiga. Sun ari kayan Larabawa ne suka yi ado da su. Suna sa jar dara mai tuntu, alamarsu takobi da jinjirin wata da tauraro, rassansu kuma suna sa musu sunayen garuruwanmu. Na New York Makka, na Chicago Madina. Na Detroit kuwa sunansa Moslem. Wallahi haka yake a rubuce. Ba kuma don Musulmi ne suka kafa shi ba. Yanzu sun tashi daga ginin sun koma Southfield, bayan gari.

Malam Nuhu:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To kun ji. Wannan shi ne ginin da ake ce mini kallo kawai aka je. Sunan addininmu da sunayen garuruwa masu alfarma aka mayar kayan wasa.

Anti Rabi:
A nan kam Malam ina bayanka, har zan ƙara maka gishiri. Gidan da suka kira Madina a Chicago, mai ƙubbobi kamar masallaci, da suka sayar da shi ya zama kantin kayan ɗaki, a 2023 kuma aka buɗe gidan caca a ciki. Kuma lokacin da ake gina hasumiyar mai suna Moslem, akwai Musulmi na gaske a garin, leburori daga Sham da wasu wurare da ke aiki a masana'antar Ford. A 1921 suka buɗe ɗan ƙaramin masallacinsu a Highland Park, yana cikin na farko-farko da aka gina a Amurka, bai ma daɗe ba aka rufe shi. Masu aron suna da hawa goma, masu suna da ɗaki guda.

Amma don adalci, su Shriners ɗin nan su ne suka kafa asibitocin yara, na farko a 1922, inda aka yi shekara da shekaru ana yi wa yara masu larurar ƙashi da ƙuna magani ba tare da duba aljihun iyayensu ba. Mutum ɗaya ne ya yi wasa da sunanka, shi ne kuma ya yi wa yaro magani. Ni ba na share ɗaya don ɗaya.

Malam Nuhu:
Hajiya, alherinsu Allah ya san yadda zai yi da shi. Ni dai na faɗi abin da ke kaina.

Musa Tela:
Tambaya ɗaya. Baƙin mutum kamata, da ina Detroit a 1926 da kuɗina, za su ɗauke ni?

Anti Rabi:
Ko ƙofar ba za ka wuce ba sai in shara ka zo yi. Mata ma ba a ɗauka. Baƙaƙen Amurka nasu reshen daban ne, ana kiransa Prince Hall, sunan wanda ya kafa shi a Boston, kuma daga Ingila suka samo takardar izini a 1784 don fararen garinsu sun ƙi su. A 1925, ana tsakiyar gina wannan gidan na 'yan'uwantaka, wani likita baƙar fata mai suna Ossian Sweet ya sayi gida a unguwar farare a Detroit, taron mutane suka kewaye shi da jifa, har aka yi harbi aka rasa rai, aka kai shi kotu.

Musa Tela:
To Malam ya kwantar da hankalinsa, ko mun so ba a so mu ba 😅

Sadiku Autan Zaure:
Ni fa na karanta cewa mai zanen ya talauce saboda ginin, matarsa ta gudu, ya hau can sama ya faɗo. Kuma har yanzu masu gadi na ganin fatalwarsa a matakala.

Zainabu Mai Zane:
Ƙarya ce, Sadiku. An haife shi 1856, ya mutu 1948, shekara ashirin da biyu bayan buɗe ginin, tsoho tukuf mai shekara casa'in da ɗoriya. Babban mutum ne a sana'armu. Kamfaninsa ne ya zana katafaren otal ɗin tsibirin Mackinac na 1887, kuma a ofishinsa Albert Kahn ya koyi aiki yana yaro, wanda daga baya ya zana wa Ford masana'antunsa. Labarin fatalwa dai yana sayar da tikiti.

Sadiku Autan Zaure:
To shi ke nan, amma ba za ku ce mini ba su ke juya duniya ba. Dubi hoton idon nan da ke bayan takardar dala ɗaya, ai alamarsu ce.

Alhaji Ɗan Damagaram:
Baban Hanif, ka ba yaron nan labarin harajin da ka ba ni a waya.

Baban Hanif:
Auta, a 2013, shekarar da birnin Detroit kansa ya je kotu ya ce ya tsiyace da bashin wajen dala biliyan 18, ƙaramar hukumar Wayne ta kusa sa ginin nan a gwanjo saboda harajin da bai wuce dala dubu ɗari da hamsin da 'yan kai ba. Masu juya duniyar taka suka iya biyan dubu goma. Sauran dala 142,000 wani ne ya biya a ɓoye, daga baya aka bayyana cewa mawaƙin nan ne Jack White, ɗan garin. Dalilinsa kuwa, lokacin da mahaifiyarsa take neman aiki, a gidan aka ɗauke ta tana nuna wa 'yan kallo kujerunsu. Sai suka sa wa ƙaramin gidan kallon, mai kujera 1,586, sunansa. Yau abin da ke riƙe da ginin kuɗin haya ne na casu da biki da taro.

Alhaji Ɗan Damagaram:
Ɗan mai nuna kujera ya fanshi gidan su Ford. Ni dai a nan na ga kuskuren, kuma na lissafi ne. Wanda zai tara miliyan shida da rabi ya zuba duka a bango, bai ware abin da zai riƙa haifar da kuɗin gyara ba, ya bar wa jikokinsa bashi mai rufi. Ɗumama ɗaki dubu a sanyin Michigan kaɗai ya isa ya cinye mutum.

Injiniya Bala:
Alhaji, ka manta gidan kallon. Ai tun farko an yi shi ne yadda jama'ar gari za su shiga su biya, da ƙofarsa daban. Shi ne rumfar hayarsu. Kuma ina ganin shi ya cece shi. Na Chicago da aka gina a 1892, hawa ashirin da wani abu, wanda ya taɓa zama gini mafi tsawo a garin, rushe shi aka yi a 1939. Wannan yana nan, har gwamnati ta sa shi a rajistar wuraren tarihi a 1980.

Malam Nuhu:
Wato gidan da aka gina don asiri, kiɗa ne ke ciyar da shi. Allah ya kyauta. Baban Hanif, ban ce ka yi zunubi don ka shiga ka gani ba, kada ka ɗauke ni haka. Amma idan sallah ta kama ka, ka fito waje. Ga masallatai nan cike a Dearborn da Hamtramck.

Baban Hanif:
Na ji Malam, na gode. Azahar ma a Hamtramck na yi ta ranar.

Injiniya Bala:
Tunda Malam ya sassauta, ina da aike na biyu. Ramin ninƙayar nan a sama yake, ba a ƙasa ba. Ruwa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tan ɗaya ne cur. Ina so in ga irin ƙarfen da suka sa a ƙarƙashinsa, da abin da ke hawan da ke ƙasa da shi. Idan ka koma ka roƙi mai rakiyar ya bari ka ɗauko mini hoton silin ɗin wurin, ko da daga nesa ne.

Zainabu Mai Zane:
Ni kuma ƙofofin lif ɗin, Yaya, kusa-kusa yadda sassaƙar za ta fito. Ina da aikin da zan miƙa ƙarshen zango.

Baban Hanif:
Sai dai ku haɗa mini kuɗin tikiti da na man zafi. Zan duba ranar da za su sake zagayen, amma sai ƙanƙarar nan ta ɗan lafa. Auta, in saya har da naka?

Sadiku Autan Zaure:
Ka fara samo mini biza tukuna, sai mu yi maganar tsoro.